Keken guragu ba rariya ba ne: haƙƙin mai saye idan kayan bai yi masa ba

A shagunan sayar da kayan asibiti da dama, daga Kano zuwa Kaduna da Abuja, akwai wata jimla da ake bugawa a ƙasan rasit, cewa kayan da aka saya ba a dawo da shi kuma ba a mayar da kuɗi. Mutane sun saba da ita har suna ɗaukarta tamkar doka. Idan mai saye ya koma da ƙorafi, amsar da yake samu ba ta wuce karin maganar nan ba: kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wannan magana tana iya tafiya a cinikin atamfa ko takalmi. Amma a cinikin keken guragu, ko sandar dogarawa, ko ƙarfen koyon tafiya, zalunci ce, kuma a lokuta da yawa ta saɓa wa dokar ƙasa.

Mu fara da yadda ake sayen waɗannan kaya. Galibi mai amfani da su ba ya zuwa shago. Yana kwance a gadon asibiti bayan haɗarin mota, ko shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi, sai a tura ɗa ko ƙane ya sayo keke cikin gaggawa domin an sallame su. Wani lokaci ɗan uwa ne daga nesa zai ga hoto a Facebook ko WhatsApp, ya tura kuɗi, a saka kayan a mota. Sai an kai gida a tarar mazaunin ya yi wa majinyaci ƙunci, ko keken ba ya shiga ƙofar ɗaki, ko ƙananan tayoyinsa suna nutsewa a rairayin tsakar gida.

Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga lafiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana buƙatar keken guragu. Tun a 2008 ta fitar da ƙa'idojin samar da shi a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, inda ta jaddada cewa sai an auna mutum, an gwada masa, an kuma koya masa amfani da shi. Keken da bai dace da jiki ba yana haifar da gyambon zama, musamman ga wanda lakarsa ta taɓu ba ya jin zafi a ƙasan jikinsa, kuma irin wannan gyambo yana iya kai mutum kabari. Sandar da ta yi tsawo kuwa tana danne jijiyoyin hammata har hannu ya yi sanyi. Wanda aka hana shi mayar da kayan da bai yi masa ba, kuma ba shi da kuɗin sayen wani, an tilasta masa ya ci gaba da amfani da abin da ke cutar da shi.

To me doka ta ce? Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC, kuma ta buɗe wa mai saye ƙofofi uku da suka shafi wannan batu.

Ta farko tana sashe na 122. Idan ka faɗa wa mai shago takamaiman abin da kake son kayan ya yi maka, sannan cikin lokacin da hankali zai ɗauka ka gano bai dace da wannan buƙata ba, kana da damar mayarwa a ba ka kuɗinka cif. Wannan ita ce ƙofa mafi amfani ga masu sayen keke. Wanda ya ce wa mai shago, “Alhaji, mahaifina ne, yana da jiki, kuma ba ya iya riƙe wuyansa,” aka ba shi ƙaramin keke marar majinginar kai, doka tana bayansa ko da keken sabo ne fil babu abin da ya same shi.

Ta biyu ma a wannan sashe take: kayan da ba ka samu damar dubawa ba kafin a kawo maka, idan ya zo ya saɓa da abin da aka kwatanta ko aka nuna maka, kana iya ƙin karɓa. Wannan ya shafi cinikin waya da na intanet.

Ta uku tana sashe na 132. Idan kayan yana da aibi, kamar birki ba ya kamawa ko walda ta ɓalle, kana da wata 3 daga ranar da aka miƙa maka ka mayar, ba tare da tara ba, kuma ɗawainiyar mayarwar tana kan mai sayarwa. Shi kuma dole ya gyara, ko ya canza, ko ya biya.

Rubutun da ke ƙasan rasit bai isa ya rufe waɗannan ƙofofi ba, domin sashe na 129 ya hana ɗan kasuwa gindaya sharaɗin da zai tauye haƙƙin da dokar ta ba mai saye. Kotu ma ta taɓa magana a kai. A 2022 Babbar Kotun Jihar Enugu ta yanke hukunci a ƙarar da wani lauya ya shigar da kamfanin sufuri na Peace Mass Transit, inda ta ce tsarinsa na ƙin mayar da kuɗin mota ya saɓa wa wannan doka, ta kuma umarci a biya shi diyyar Naira 500,000. Shari'ar ta tikitin mota ce, amma dokar ɗaya ce.

Sai dai akwai gurbin da dokar ta bari, kuma a nan ne talaka ya fi shan wahala. Idan ka je shago da ƙafarka, ka duba, ka zaɓa, kayan lafiyarsa ƙalau, sannan buƙatarsa ta kau, babu sashen da ya tilasta a karɓa. Ga shi kuwa haka na faruwa kullum. Majinyaci ya rasu kwana biyu bayan sayen keke, ko ledarsa ba a cire ba. Ko likita ya ce ai sanda ta wadatar. Iyalin da suka ci bashi suka saya sai su wayi gari da ƙarfe a jingine a soro, ga mai bin bashi a ƙofa.

A Birtaniya an rage wannan matsala da ƙa'idar 2013, wadda ta ba wanda ya sayi kaya ta intanet, ko ta waya, ko daga mai talla da ya biyo shi gida, kwana 14 ya fasa ba tare da faɗin dalili ba, in ban da wasu kaya, kamar waɗanda aka ƙera musamman a kan awonsa. Ba sai mun je Turai neman misali ba ma. Fiƙihun da ’yan kasuwarmu suka tashi a cikinsa ya san zaɓin sharaɗi, inda ake ƙulla ciniki a kan cewa mai saye zai gwada na ’yan kwanaki, ya san mayar da kaya saboda aibi, ya kuma kwaɗaitar da warware ciniki ga wanda ya yi nadama. Rubutun “ba a dawo da kaya” shi ne baƙo a kasuwarmu.

Dole a saurari mai shago shi ma. Da dala yake shigo da kaya, kuma ya san akwai masu sayen keke su yi jinyar wata guda da shi su dawo suna cewa bai yi ba. Katifar zama ko kujerar ba-haya da aka yi amfani da ita ba ta sayuwa kuma. Maƙerin da ya haɗa keke mai taya uku a kan awon mutum ɗaya ba shi da inda zai kai shi. Duk wannan gaskiya ne, amma maganinsa shi ne a tsara sharuɗɗa, a ware abin da tsafta ta hana mayarwa, a yanke wani abu kaɗan idan kaya ya ƙwarzane. Masu yin jinyar wata guda kuwa suna nuna cewa akwai kasuwar haya da ba a buɗe ba. Wanda ya karye a ƙafa makonni kawai zai yi da sanda, me zai sa a tilasta masa saye?

Don haka ina kira ga FCCPC da Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa, wadda dokar hana wariya ga nakasassu ta 2018 ta samar, su zauna su fitar da ƙa'ida ta musamman a kan waɗannan kaya: wa'adin gwaji na aƙalla mako guda, da hana buga waccan jimla a rasit, da wajabta rubuta awon keke da nauyin da yake ɗauka. Hukumomin kare masu saye na jihohi, irin ta Kano, su leƙa shagunan da ke kewayen manyan asibitoci kamar yadda suke leƙa rumbunan abinci.

Kafin a kai ga haka, mai saye ya kare kansa. A nemi ma'aikatan sashen gashin ƙashi su auna majinyaci su rubuta girman da ya dace, a kuma auna faɗin ƙofar ɗaki da ta banɗaki. A rubuta wa mai shago buƙatar ko da a saƙon WhatsApp ne, domin wannan saƙo shi ne shaidar da sashe na 122 zai tsaya a kai. A karɓi rasit, a ajiye kwali, a koma da wuri idan an ga matsala. Idan ya ƙi, a kai ƙorafi FCCPC ko hukumar jiha, ko kotun ƙananan ƙararraki a inda ake da ita.

Mai sayen keken guragu yana zuwa shago ne a ranar da ya fi kowace rana rauni, ba shi da lokacin taya farashi balle zagaya kasuwa. Ɗan kasuwar da ya karɓi kayansa baya ya yi asarar ciniki ɗaya, amma wanda aka bari da keken da bai yi masa ba, shi da fita ƙofar gida sai an ɗauke shi.