Ƙofar Cibiya Ba Rariya Ba Ce: Raddi ga Wata Takardar Darasi

Wata takardar darasi da wani malamin lesi ya rubuta tana yawo a hannun ɗalibai a Gabukka, har ta shiga jakar wasu masu karatun kimiyya a Jami'ar Jihar Gombe. Malam ya yi ƙoƙari, Allah ya saka. Ya faɗi daidai cewa a cikin cibiyar ƙwayar halitta ake ƙera tRNA, aikinta kuwa yana waje, inda take kai amino asid wurin ribosom a harhaɗa furotin. A bayanin yadda take fita ne ƙafarsa ta zame.

Malam ya ce bangon cibiya kamar rariya yake, ƙarami ya wuce, babba ya tsaya. Tun da tRNA ƙarama ce, da kanta take sulalewa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da haɗari. Lallai tRNA ba ta da girma, sassanta ba su cika wuce 70 zuwa 90 ba, kuma ƙananan abubuwa kan ratsa ƙofofin da ke bangon cibiya ba tare da an ɗauke su ba. To amma an gwada. A 1983 Michael Zasloff ya yi allurar tRNA cikin cibiyar ƙwan kwaɗon Afirka mai suna Xenopus, yana auna saurin fitarta. Da rariya ce, in aka ƙara yawa sai fita ta ƙaru. Sai ya ga saurin ya kai wani matsayi ya tsaya cak, alamar akwai masu ɗauka kuma sun yi kaɗan. A 1985 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa canja sashe ɗaya tak a jikin tRNA na iya rage fitarta ƙwarai. Girma bai canja ba. Ina rariyar da ke gane wannan, Malam?

Mai ɗaukar ma an kama shi. A 1998 ɗakunan bincike biyu a birnin Haidalbag na Jamus, na Dirk Görlich da na Iain Mattaj, kowanne ya gano furotin ɗin da ake kira eksfotin-t. Ba ya riƙe tRNA sai ya haɗu da wani furotin, Ran, yana ɗauke da GTP, kuma wannan Ran ɗin a cikin cibiya ya yi yawa. Su uku suke ratsa ƙofa. Da sun fito, sai a mai da GTP ya zama GDP, haɗin ya watse, tRNA ta kama gabanta, eksfotin-t ya koma ciki. A 2009 ɗakin binciken Elena Conti ya fito da siffar wannan haɗi filla-filla: furotin ɗin ya naɗe gefen tRNA inda bakinta biyu suke, da gwiwarta, bai taɓa ɓangaren da ke karanta saƙo ba. Shi ya sa yake iya ɗaukar tRNA iri-iri, amma yana ƙyamar wadda ba a gama datse bakinta an liƙa mata CCA ba. A ganina wannan ne babban abin da takardar ta hana ɗalibi gani: fita tantancewa ce.

Na san abin da Malam zai kafa hujja da shi, don ya ambace shi. Ya ce a yis, irin wanda masu gidan burodi ke kwaɓa fulawa da shi, an cire Los1, takwaran eksfotin-t, kuma yis ɗin ya ci gaba da rayuwa. Ashe, in ji shi, ba a bukatar mai ɗauka. Labarin gaskiya ne, fassarar ce ta karkace. Yis ya rayu ne don masu ɗaukar suna da yawa. Akwai Msn5, ɗan'uwan eksfotin-5 na jikinmu. A 2017 kuma ɗakin binciken Anita Hopper a Jami'ar Jihar Ohayo ya nuna cewa Mex67 da Mtr2, waɗanda aka sani da fitar da mRNA, su ma suna fitar da tRNA. Hujjar Malam ta rushe maganar mai ɗauka guda ɗaya ne kawai, kuma wannan ba ita muke jayayya a kai ba.

Sai cewarsa in tRNA ta fita, ta fita ke nan. Da a 2000 ya rubuta haka, da babu mai ganin laifinsa. Amma a 2005 ɗakin Hopper da na Tohru Yoshihisa a Japan, kowa da nasa gwajin, suka tabbatar cewa tRNA tana komawa cikin cibiya. Idan yis ya rasa abinci, sai a ga ta taru a can. Abin mamaki ma, a yis ana yanke ɓangaren da ba a so daga tsakiyar wasu tRNA ne a waje, a jikin maitokondiriya, sannan wasunsu su koma ciki a ƙara musu gyara, a sake fito da su.

Roƙona ga Malam shi ne ya gyara wannan shafi kafin a sake buga takardar, ya sa gwajin Zasloff a wurin misalin rariya, domin ɗalibin da ya haddace tsohon bayanin zai sha wuya ranar da aka tambaye shi aikin Ran.