Antegiral a gonar albasa ake fara shi

Ɗan ƙanwata yana ajin tarminal a Madawa, bana zai yi bak. Ran nan ya kawo mini littafinsa na lissafi, shafi uku cike da alamar ∫. Na ce, "Ɗana, wannan macijin me yake aunawa?" Ya karanto mini dokokin firimitif tsaf kamar hadda. Abin da ake aunawa kuwa, shiru.

Ban ga laifinsa ba, daga wajenmu malaman firamare abin ya faro. Muna koya wa yara faɗin fili mai kusurwa huɗu, tsawo sau faɗi, sai mu rufe babin. To wace gonar albasa ce a fadamar Tarka ta miƙe haka? Gefe ɗaya bakin ƙorama yake bi, a karkace.

Na ja shi gona da igiya. Tsawonta mita 40. Muka raba ta yanka huɗu, kowane mita 10, muka auna faɗin kowane a tsakiyarsa: 12, 18, 20, 16. Jimla 66, sau 10, murabba'in mita 660. Ya ce, "Kawu, ai ba daidai ba ne, karkacewar fa?" Na ce to mu sirantar da yankan, mita 5, sannan mita 1. Duk sirancin da aka ƙara, kuskuren raguwa yake yi, jimlar tana matsawa ga adadi guda. Adadin nan shi ne antegiral. Ita ma alamar doguwar S ce da Leibniz ya soma rubutawa a 1675, harafin farko na kalmar "jimla" a Latinanci. Firimitif gajeriyar hanya ce ta samun amsar ba tare da igiya ba.

Wani zai ce manhaja ta cika, lokaci babu. Gaskiya ne, ni ma ajina ya cika maƙil. Amma awon nan safiya ɗaya ya ci mana, kuma yaron aji shida zai iya shi.

Madatsun ruwan da aikin raya Keita ya gina tun daga 1984, da tallafin Italiya, ai sai an san ruwan da kowace za ta riƙe, kuma ƙasan kwari ba shafaffe ba ne. Yanka-yanka ake auna shi, a tara. Iyaye, in ɗanku yana tarminal, ku ba shi igiya ya auna muku gona kafin damina, ku ga me zai kawo.