Ruwan Kwakwa na Kwali: Kada Mu Mai Da Shi Magani



Kwanan nan maganar ruwan kwakwa na kwali ta yi yawa. Masu waya suna ganin tallarsa, waɗanda suka je Birnin Kebbi kuma suna ganinsa a manyan shaguna. Ana cewa yana wanke ciki, yana gyara fata, har ma yana tsayar da gudawa. Mu a ƙungiyar 'yan jarida muna ganin an ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa, kuma hakan zai iya cutar da ƙannenmu a nan Diggi.

Bari mu fara da ba shi haƙƙinsa. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ruwan kwakwa ruwa ne zalla. Yana da sinadarin fotasiyam mai taimakon zuciya da tsokar jiki, kuma sugansa bai kai na lemon kwalba ba. Wanda ya sha shi a zafin watan Afrilu zai ji daɗi.

Amma kwakwa ba ta yi a ƙasarmu ta Kabi. A Nijeriya an fi saninta a Badagiri ta jihar Legas, kuma da yawa daga cikin na kwalin daga ƙasashen Asiya ake kawo su. Kafin a rufe kwalin sai an dafa ruwan don kada ya lalace, wasu kamfanoni kuma suna ƙara masa suga. Kuɗin kwali da na mota duk a kan mai saye suke ƙarewa. Fotasiyam ɗin da ake yi wa talla kuwa akwai shi a ayaba da dabino da dankali da wake, waɗanda muke samu a kasuwarmu da araha.

Abin da ya fi damunmu shi ne batun gudawa. Yaron da ke gudawa yana zubar da ruwa da gishirin jikinsa, rashinsu ne ke kashe shi. Ruwan kwakwa gishirinsa kaɗan ne, ba zai mayar da abin da ya fita ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bayar shi ne haɗin ORS, tare da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14. Ana samun ORS a kemis da asibiti, kuma kuɗinsa bai kai na kwali ɗaya ba. Idan babu shi a kusa, a zuba ƙaramin cokali 6 na suga da rabin ƙaramin cokali na gishiri a cikin lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, a riƙa ba yaron kaɗan-kaɗan a kan hanyar zuwa asibiti. Ba mu manta da shekarar 2021 ba, lokacin da amai da gudawa ya yi ɓarna a jihohin Arewa, har da tamu. A irin wannan ciwo jinkirin yini ɗaya ma haɗari ne.

Haka nan mai ciwon ƙoda kada ya sha ruwan kwakwa sai ya tambayi likita, domin fotasiyam yana taruwa a jininsa.

Wanda ke da hali kuma yake marmari ya saya ya sha, amma ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ya karanta ko an ƙara suga. Mu da muka iya karatu, aikinmu ne mu karanta wa iyayenmu. Muna roƙon malamin kimiyya ya nuna mana yadda ake haɗa ruwan gishiri da suga a filin taron safe, kowa ya koma gida ya koya wa mahaifiyarsa kafin damina ta faɗi.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.