Sankarar Nono: Kiyayewa Tana Ragewa, Amma Jinkiri Ne Ke Kisa

A Sabon Ibadan da Agege da sauran zangunan 'yan Arewa da ke Kudu, akwai wata magana da ta zauna a bakin jama'a, cewa wai sankarar nono ciwon matan zamani ne, masu shan giya, waɗanda ba sa shayar da 'ya'yansu. Wadda ta yi aure da wuri, ta haihu, ta shayar shekara biyu, wai ita ta tsira. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ma take da hatsari.

A shekarar 2002 masana a Jami'ar Oxford sun tattara binciken da aka yi a ƙasashe 30, suka gano cewa kowace shekara guda ta shayarwa tana rage hatsarin ciwon da wajen kashi 4 cikin 100, kowace haihuwa kuma da wajen kashi 7. Giya tana ƙara shi, haka nan ƙiba bayan ɗaukewar al'ada, da rashin motsa jiki. A nan ya kamata mazauna birni su lura. Macen da ta bar surfe da daka da ɗibar ruwa a gida, ta koma zaman ɗaki ɗaya a Ikko, ga soye-soye ga lemon kwalba, lalle ta yi asarar wata garkuwa ba ta sani ba.

Amma fa ragewa daban, hanawa daban. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kusan rabin matan da ke kamuwa ba su da wani dalili da za a nuna, in ban da kasancewarsu mata da kuma shekaru. Wasu kuwa gado suka yi. Har maza ma sukan kamu jefi-jefi. Zancen ajiye kuɗi ko waya a rigar mama kuwa ba shi da tushe. Saboda haka ba daidai ba ne a ɗora wa marar lafiya laifi, kuma ba daidai ba ne uwar 'ya'ya takwas ta saki jiki.

A 2022 mata wajen miliyan 2.3 suka kamu a duniya, 670,000 suka rasu. A ƙasashe masu arziki, tara cikin goma suna nan da rai bayan shekara biyar. A Nijeriya kuwa mafi yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya ci ƙarfinsu. Ba abinci ne ya raba su ba, lokaci ne.

Yadda abin ke faruwa sananne ne. Mace ta ji ƙullutu, ba ya ciwo, kunya ta sa ta yi shiru. Ran da ta faɗa, sai a ce ai daji ba ya son allura, a sa ta a mota a kai ta gida neman magani. Watanni su shuɗe ana jiƙo ana shafe, sa'an nan a dawo da ita da gyambo. Alhali kuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ikko yana nan Idi Araba, maƙwabtaka da unguwar Hausawa, na Ibadan kuma, inda ake rajistar masu sankara tun 1960, ba shi da nisa da Sabo.

Nauyin yana wuyan magidanta. Ƙullutu a nono ko a hammata, kan nono ya lotsa ciki, jini yana fita, ko fata ta yi kamar ɓawon lemo: kowanne ya isa a tafi asibiti a makon nan. Galibin ƙullutu ba sankara ba ne, amma likita kaɗai ke iya rarrabewa.

Ba a musun cewa magani da tsada, mata da yawa kuma ba sa jin Yarabanci ko Turanci. Wannan aikin Sarakunan Hausawa ne da limamai da shugabannin kasuwa. Jama'ar da ke iya haɗa gudummawar biki cikin kwana biyu ba za ta kasa buɗe asusun gwaji ba, ko samar da mace mai tafinta da za ta riƙa raka 'yan'uwanta gaban likita.