Samarwa daban, sarrafawa daban: a daina yi mana rufa-ido

Jama'a, akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya. Duk ɗan siyasar da ya hau mumbari a Gusau sai ka ji ya ce zai mayar da Zamfara jihar masana'antu. Ka tambaye shi ta yaya, sai ya hau lissafa maka tirelolin taki da taraktoci. Malam, wannan noma ne, ba masana'anta ba.

Bari in bambance. Manomin Tsafe da ya noma auduga ya samar da kaya. Wanda ya gurje ta, ya kaɗa zare, ya saƙa yadi, shi ne ya sarrafa. Duk sarrafawa samarwa ce, amma ba duk samarwa ce sarrafawa ba. Kuma riba da aikin albashi suna wajen mai sarrafawa.

Wannan ciwon ba yau ya fara ba. Layin dogo da Turawa suka shimfiɗa daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, don kwasar gyaɗa da auduga aka yi shi. Mu noma, a saƙa a Ingila, a dawo mana da atamfa mu saya da tsada. Daga baya Gusau ta yunƙura. Mun yi masaƙar Zamtex, mun yi kamfanin matse mai, ga injinan gurzar auduga. Iyayenmu sun karɓi albashi a can. Yau fa? Tun da aka ƙirƙiro jihar nan a 1996, wane gwamna ne ya tayar da masaƙar ta ci gaba da aiki?

Wallahi matar da ke soya ƙuli-ƙuli a Bungudu ta fi masu jawabin nan fahimtar batun. Ta sayi tiyar gyaɗa, ta fitar da mai, ta sayar da ƙuli, ba ta zubar da komai ba. Ita ce mai masana'anta, ko da turmi take aiki. Amma waken soyanmu a buhu yake fita, ya dawo a jarka. Zinarenmu haka. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Mu muka binne 'ya'ya, wasu suka ƙera sarƙa.

Na san za a ce tsaro. Gaskiya ne, manomin da sai ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe gonarsa ba ta injin yake ba. Amma matashin da ba shi da aikin yi, wa kuke zaton yake jiran sa a daji?

Ba na raina noma, alfaharinmu ne. Sai dai alfahari ba ya biyan kuɗin makaranta. Duk wanda ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi abu uku: wane kaya za a sarrafa, a wane gari, da wace wutar lantarki? In ya fara kame-kame, kun san taki zai raba.

Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya sa mu gane.