Martani: Ba Matar Makbes Ce Ta Koya Masa Kwaɗayin Sarauta Ba

Wani malami ya rubuta cewa a wasan Makbes, wanda Shakespeare ya tsara wajen 1606, asalin fitina duka makircin mace ne, domin da matar Makbes ba ta zuga shi ba, da Sarki Dankan ya kwana lafiya. Lalle ta zuga shi, har ta gorantar masa da rashin mazakuta.

Amma malam ya manta cewa tun a daji, da jin bisharar sarauta daga wasu mayu uku, kafin wasiƙarsa ta isa hannun matar, tunanin kisan ya riga ya ɗarsu a zuciyar Makbes har ya razana shi. Wa ya zuga shi a lokacin? Da ya aika a kashe amininsa Banko, ai ɓoye mata ya yi. Da ya sa aka hallaka iyalin abokin gabarsa Makdaf, mace da ƙananan yara, shawarar wa ya nema? Ita kuwa matar Makbes, wadda ta kasa soke Dankan saboda ya yi kama da mahaifinta a cikin barci, nadama ce ta zautar da ita, tana yawon dare tana wankin hannu.

Malam ya jingina hujjarsa da kaidin mata na Suratu Yusuf, alhali maganar Azizun Masar ce ga matarsa a kan laifi ayyananne.

Mu mutanen Birnin Damagaram ma mun san yadda Tanimun ɗan Sulaiman, mai ganuwa da igwa, ya yi ta jayayya da ɗan'uwansa Ibrahim a kan gadon Damagaram har ya tabbata a kai zuwa 1884. Wace mace za a ɗora wa wannan?