Tseren Keke Na 1903: Wa Ya Ci Kyauta, Wa Ya Ci Riba?

Duk shekara idan watan Yuli ya kama, hotunan Tour de France, babban tseren keken nan na Faransa, sukan riƙa faɗo mana a waya. Wasunmu ma sai a 2024 muka fara leƙa gasar, lokacin da Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci koriyar riga. Da zarar an ce wanda ya zo na ɗaya yana karɓar Yuro 500,000, sai ka ji ana cewa, "Kai! A kan keke kawai?" Kowa ya ɗauko waya yana lissafa shi da naira. To ni dai lissafin da nake so mu yi yau daban ne. Mu koma ranar da aka fara gasar, mu duba abin da ɗan tsere ya kashe, da abin da ya samu, da kuma wanda ya kwashi riba.

Abin da ya fara ɗaukar hankalina, a matsayina na ɗalibin aikin jarida, shi ne jarida ce ta ƙirƙiro gasar. A ƙarshen 1902 wata jaridar wasanni mai suna L'Auto tana fama da rashin ciniki, abokiyar hamayyarta Le Vélo ta danne ta a kasuwa. Sai wani matashin ma'aikacinta, Géo Lefèvre, ya kawo wa editansa Henri Desgrange shawara: a shirya tseren da zai zagaye Faransa, mutane su riƙa sayen jarida don su ji wa ke gaba. Wato tun ranar farko ciniki aka fito nema.

Da aka sanar, mutum 15 kacal suka yi rajista. Kuma ba laifinsu ba ne. An tsara gasar za ta ci makonni biyar, ga kuɗin shiga faran 20, wato kuɗin Faransa na wancan lokaci. Wane lebura ne zai bar aikinsa sama da wata guda, ya kuma biya daga aljihunsa? Dole Desgrange ya sassauto. Ya mayar da gasar kwana 19, ya rage kuɗin shiga zuwa faran 10, ya kai jimillar kyaututtuka faran 20,000. Sannan ya yi alƙawarin alawus na faran 5 a kullum, kwatankwacin ladan yini guda a masana'anta. Amma fa da sharaɗi: sai wanda bai gaza gudun kilomita 20 a awa ba. Ka riƙe wannan sharaɗin, domin irinsa ne muke tsallakewa idan muna karanta sanarwar gasa.

Ranar 1 ga Yuli, 1903, mutum 60 suka tashi. Tafiyar kilomita 2,428 ce a zango shida. Zangon farko kaɗai, daga Paris zuwa Liyon, kilomita 467 ne, ana tuƙi dare da rana a kan hanyoyi marasa kwalta, da keke mai nauyi wanda ba a sauya masa giya. Mutum 21 suka kai ƙarshe. Maurice Garin, wanda aka haifa a Italiya kuma ya taso yana share bututun hayaƙin gidaje, shi ya zo na ɗaya, ya ba na biyu tazarar kusan awa uku. Ya tashi da sama da faran 6,000. Idan ka raba da faran 5 na lebura, ladan kwana 1,200 ke nan, kusan aikin shekara huɗu. Wallahi kuɗi ne.

Sai dai Garin mutum ɗaya ne cikin 60, kuma yana da kamfanin kekuna, La Française, a bayansa. Haka tsarin ya ci gaba: manyan 'yan tsere kamfanoni ke ɗaukar nauyinsu, saboda nasararsu talla ce ga keken kamfanin. Sauran kuwa, waɗanda suke shiga ba ƙungiya ba uban gida, komai a wuyansu yake. Keke nasu, taya nasu, abinci da wurin kwana su za su nema bayan sun yini suna taka feda. Akwai wani Jules Deloffre da idan ya gama zango yakan yi wasan alkafura a bakin titi, don 'yan kallo su tara masa kuɗin masauki.

Dokar gasar ma ba ta sauƙaƙa ba, domin idan keke ya lalace kai za ka gyara da hannunka. A 1913 Eugène Christophe yana cikin waɗanda ake sa ran za su lashe gasar. Yana gangarowa daga tsaunin Tourmalet sai ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba ya karye. Ya saɓa keken a kafaɗa, ya taka kimanin kilomita 10 har ƙauyen Sainte-Marie-de-Campan, ya shiga maƙera ya kama ƙira da kansa, jami'an gasa na tsaye a kansa. Hannu biyu gare shi, duka suna aiki, sai wani yaro ya taya shi zuga wuta. Saboda wannan zugar aka ci shi tarar minti 10, bayan sa'o'in da ya riga ya rasa.

Idan kyauta ta yi tsoka kuma mutum ɗaya ne zai ɗauka, mun san abin da ke biyo baya. A gasa ta biyu, 1904, maguɗi ya yi yawa har aka zargi wasu da hawa jirgin ƙasa da mota. Bayan watanni aka soke sakamakon mutum huɗun farko, har da Garin, aka ba Henri Cornet ɗan shekara 19 wanda ya zo na biyar. A 1924 kuma Henri Pélissier, wanda ya ci gasar 1923, ya fice tare da ƙaninsa Francis bayan rigima da jami'ai. Suka zauna da ɗan jarida Albert Londres, suka zazzage masa abin da ke jakarsu: hodar iblis da ƙwayoyin da suke sha don jiki ya jure. Wannan ma yana cikin kuɗin da ɗan tsere ya biya, sai dai da lafiyarsa ya biya shi.

Yanzu mu leƙa littafin mai gasar. Kafin tseren 1903 L'Auto tana sayar da kwafi 25,000 ne a rana. Bayan tseren ta kai 65,000. A 1904 Le Vélo ta rufe. Zuwa 1923 L'Auto tana sayar da rabin miliyan a ranakun gasar. Ko wa ya ci, ko wa ya faɗi ya karye, ko wa aka kama da maguɗi, duk labari ne, kuma labari ake sayarwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wani zai ce ai ba tilasta musu aka yi ba, kuma gasar ta fitar da talakawa daga talauci. Gaskiya ne, ba zan musa ba. Garin ya buɗe garejin mota a garin Lens, ya rayu da rufin asiri har rasuwarsa a 1957. Desgrange ma kasada ya yi da kuɗin jaridarsa. Amma ku duba abin da ya faru a 1930. Da ya ga kamfanonin kekuna suna juya masa gasa, sai ya koma tsarin ƙungiyoyin ƙasashe, ya ɗauki nauyin keke da abinci da masaukin 'yan ƙungiyoyin. Kuɗin kuma ya fito daga ayarin motocin talla da ya bari su riƙa wucewa gaban 'yan tsere. Ashe dama ana iya ɗauke wa ɗan tsere wannan nauyin. Sai da buƙatar mai gasa ta taso aka ɗauke.

Ko wanda ya ci ma, ba a nan lissafi ya ƙare ba. A wancan zamanin, can Amurka, akwai Major Taylor, baƙar fata da ya zama zakaran duniya a tseren gajeren zango a 1899, duk da wariyar launin fata da ya sha. Yana cikin 'yan wasan da suka fi samun kuɗi a lokacinsa. Ƙarfi ya ƙare, kasuwancin da ya zuba kuɗi ya rushe, ya rasu a Chicago a 1932 ba shi da komai, aka binne shi a kabarin da ko suna babu. Sai a 1948 tsofaffin 'yan tsere suka sa aka sake masa kabari.

Me ya kawo wannan tsohon labari shafin matasa? Saboda da yawanmu muna cikin irin wannan tseren, sai dai kekenmu waya ce. Muna ganin mutum biyu ko uku da TikTok ko YouTube ya yi wa rana, sai mu ɗauka layi ne, namu na tafe. Data daga aljihunmu, waya da caji daga aljihunmu, dare kuma daga barcinmu. Ina da aboki a makaranta da ya zuba kuɗin littattafansa a wata gasar da ake cin ta da yawan ƙuri'un da aka saya. Ya zo na shida, kyauta kuma ta tsaya a na uku. Masu gasar sun samu mabiya da kuɗin ƙuri'a, shi kuma ya samu darasi biyu da zai maimaita.

Ban ce kada a shiga gasa ba. Mai hazaƙa ya gwada, ai da gwaji ake sanin na ƙwarai. Amma kafin ka danna rajista, zauna da biro da takarda. Nawa zan kashe daga farko zuwa ƙarshe, har da lokacina? Mutum nawa ne za su samu wani abu cikin waɗanda suka shiga? Idan na zo na 22, me zan koma gida da shi? Wa ke samun kuɗi ko na ci ko ban ci ba?

Su kuma masu shirya gasa da sunan tallafa wa matasa, su rubuta sharuɗɗansu a fili da manyan baƙaƙe, su kuma ɗauki wani kaso na ɗawainiyar masu shiga. Idan sun ƙi, mu tuna da 1903: da mutum 15 kawai suka yi rajista, mai gasar ne ya rage kuɗin shiga ya ƙara kyauta.